Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen ƙaramar bindigar wasan harbi mai kyan saiti ga mai ƙaramin ƙarfi

Wanda ya shiga wasan harbi da ƙaramar bindiga mai cin harsashin .22 (doguwa ta dafawa a kafaɗa ake nufi, harsashinta ne ƙarami) yakan fara da tambaya guda, wato wace bindiga ce ta fi saiti a cikin waɗanda aljihunsa zai iya ɗauka. Amsar ba ta tsaya ga sunan kamfani ba, domin a wannan aji na bindigogi harsashin da aka ɗura, da kunama, da madubin saiti, da hannun mai harbin kansa, kowannensu yana da rabo mai tsoka a inda dalma za ta sauka. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a kan bindigar kaɗai ya bar sauran, to ya sayi rabin abin da yake nema ne.

Mene ne harsashi mai tashi ta gefe, kuma me ya sa ya fi sauran araha?

A manyan harsasai, sinadarin da ke kunna albarushi yana cikin wani ɗan ƙoƙo da aka dasa a tsakiyar gindin kwanso. A ƙaramin harsashin da ake magana a kansa kuwa, an zuba sinadarin ne a cikin leɓen da ya kewaye gindin kwanson, sai allurar bindiga ta daki leɓen ta lotsa shi, wuta ta tashi ta kama albarushin. Wani Bafaranshe mai ƙera bindigogi, Louis-Nicolas Flobert, shi ne ya fito da asalin dabarar a 1845. Kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fitar da .22 Short a 1857, sannan kamfanin Stevens ya kawo .22 LR a 1887, wanda har yau yana cikin harsasan da aka fi harbawa a duniya.

Da yake sai leɓen ya lotse kafin wuta ta tashi, dole kwanson ya kasance marar kauri, kuma kwanso marar kauri ba ya jure matsi mai yawa. Shi ya sa waɗannan harsasai ƙanana ne, ba sa cin kayan haɗi da yawa, ba sa dukan kafaɗa. Abu biyu ne ke biyo bayan wannan tsari, kuma duka sun shafi saiti. Na farko, kwanson da aka harba ba a sake cika shi, saboda haka mai harbi ba zai haɗa nasa harsashin yadda yake so ba kamar yadda masu manyan bindigogi suke yi, sai dai ya zaɓa daga abin da masana'antu suka fitar. Na biyu, idan sinadarin bai bazu daidai a cikin leɓen ba, wani harsashin zai fi wani gudu, bambancin gudun kuma shi ne ke sa wata dalmar ta sauka sama wata ta sauka ƙasa.

Tsakanin .22 LR da .22 WMR da .17 HMR, wanne ya kamata in zaɓa?

Ga mai harbin takarda da ƙarfe a filin wasa, wanda kuma yake lissafin kuɗinsa, .22 LR ne amsar. Shi ne ya fi araha, shi ne ake samu iri-iri, kuma shi kaɗai ne a cikin ukun manyan masana'antu suke yi masa zubi na musamman domin gasa. Da shi ake harbin mita 50 a wasannin Olamfik, da shi kuma ake gasar gudun ƙanƙara da harbi tun 1978.

Kamfanin Winchester ya fitar da .22 WMR a 1959 domin masu farauta da ke son ƙarin ƙarfi, Hornady kuma ya fitar da .17 HMR a 2002. Shi .17 HMR yana jefa dalma mai nauyin giram 1.1 da gudun kusan mita 775 a daƙiƙa, fiye da ninki biyu na gudun .22 LR, saboda haka tafiyarsa a miƙe take har ya wuce mita 100, kuma bindigogin da ke cinsa sukan yi saiti mai ban sha'awa tun daga kwali. Sai dai harsashinsa ya ninka na .22 LR tsada, ƙararsa ta fi yawa, kuma yawancin gasannin ƙananan bindigogi ba sa karɓarsa. Wanda zai yi harbi kaɗan a nesa, kamar mai kashe ƙananan dabbobin da ke ɓarna a gona inda doka ta yarda, shi ya dace da shi.

Gargaɗi ɗaya ya zama dole a nan: kada a taɓa ɗura .22 LR a bindigar .22 WMR. Kwanson .22 LR ya fi siranta, ba ya cika mazaunin harsashi da ke gindin bututu, kuma yana iya tsagewa ya feso iskar wuta a fuskar mai harbi.

Idan aka ce bindiga tana da saiti, me ake aunawa?

Ana kafa bindigar a kan buhun yashi ko wani madogari marar motsi, a yi harbi biyar ko goma a wuri guda, sannan a auna tazarar da ke tsakanin hujin nan biyu da suka fi nisa da juna, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Hanya mafi sauƙi ita ce a auna daga bakin waje zuwa bakin waje, a cire faɗin dalmar, wato milimita 5.6. Ma'aunin da kamfanoni ke rubutawa da haruffan MOA kusurwa ce, wadda a mita 100 take daidai da kusan milimita 29, a mita 50 kuma kusan milimita 14.5.

Bindiga mai sakata (wadda ake ɗura mata kowane harsashi ta hanyar ja da tura sakata da hannu) ta matsakaicin farashi, idan ta samu harsashin da ya karɓe ta, tana iya tara harbi biyar a cikin milimita 12 zuwa 20 a mita 50, wannan kuma ya isa a ce da ita mai saiti. Domin a gane inda ƙwararru suke, zoben tsakiya mai maki 10 a takardar gasar duniya ta mita 50 faɗinsa milimita 10.4 ne kacal.

Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne hoton harbi uku da suka faɗa huji ɗaya. Kowace bindiga tana iya yin haka sau ɗaya bisa sa'a. Abin dogaro shi ne a yi zagaye biyar na harbi biyar-biyar a jere, a auna duka har da wanda ya ɓaci, a fitar da matsakaicinsu. Mai sayarwa ko mai talla da ya nuna takarda guda mafi kyau bai faɗi ƙarya ba, amma bai nuna halin bindigar na kullum ba.

Mai sakata ce ta fi, ko mai ɗura kanta?

Idan saiti ake nema da kuɗi kaɗan, mai sakata ce. Sakatar tana kulle harsashin a wuri guda kowane lokaci, babu abin da ke motsi a cikin bindigar sa'ad da dalma take cikin bututu sai allura, kuma ana iya yanka mata mazaunin harsashi matsattse. Mai ɗura kanta tana bukatar mazauni mai ɗan sako-sako domin kwanso ya shiga ya fita ba tare da maƙalewa ba, wannan sararin kuma yana barin dalmar ta shiga bututu a ɗan karkace. Kunamarta ma galibi ta fi tauri, kuma wasu ba sa juyawa sosai da harsashi marar gudu, wanda shi ne ya fi saiti.

Ruger 10/22, wadda aka fara yi a 1964, da Marlin Model 60 ta 1960, bindigogi ne masu ɗura kansu da suka yi suna da gaskiya, kuma an sayar da miliyoyinsu. Ana iya mayar da 10/22 ta zama mai saiti ƙwarai, amma ta hanyar canza bututu da kunama da ƙota, idan aka haɗa kuɗin sai a ga ya wuce na mai sakata wadda tun farko take yin aikin.

Waɗanne samfura ne suka cancanci a duba?

Daga masu araha, Savage Mark II ta daɗe tana ba mutane mamaki. Gamawarta ba ta da kyan gani, ƙotar roba ta masu arahar cikinsu tana lanƙwasa, gidan harsashinta ma ba shi da ƙwari sosai, amma bututunta yana da kyau kuma yawancinsu suna zuwa da kunamar AccuTrigger wadda mai ita zai iya sassautawa. Ruger American Rimfire, wadda ta fito a 2013, tana cin gidan harsashin 10/22, wannan kuma babbar sauƙaƙawa ce domin ba ya wuyar samu a wurare da yawa.

Mataki ɗaya sama akwai CZ 457 ta Jamhuriyar Cek, wadda ta fito a 2019 ta gaji 455 da 452. Ƙarfenta da aikinta sun fi farashinta, ana daidaita kunamarta, kuma ana iya kwance bututunta a sa wani, abin da ke nufin mutum zai iya farawa da mafi arahar samfurin ya inganta shi daga baya. Tikka T1x ta Finlan, wadda ta fito a 2018, kishiyarta ce ta kai tsaye, kuma kunamarta tana cikin mafi tsabta a wannan aji. A ganina, wanda zai iya haƙurin tara kuɗi har ya kai ɗaya daga cikin biyun nan ya yi haƙurin, domin da wuya ya bukaci wata bindigar nan kusa. Anschütz ta Jamus, kamfanin da aka kafa a 1856, ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi, amma sabuwarta ba ta mai ƙaramin ƙarfi ba ce.

Duk da haka, bindigogi biyu masu suna ɗaya da suka fito daga masana'anta ɗaya ba lallai su yi harbi iri ɗaya ba. Sunan samfuri yana ƙara yiwuwar dacewa ne kawai. Ya kyautu kuma a tambaya ko ana samun kayan gyara da gidan harsashin samfurin a inda mutum yake zaune kafin ya biya.

Yaya zan raba kuɗin da nake da shi?

Shawarata ita ce bindigar kada ta cinye fiye da rabin kuɗin, ko kaɗan sama da haka. Sauran ya tafi ga madubin saiti da zobbansa, da harsasai iri-iri na gwaji, da kayan tsaftacewa, da abin toshe kunne da tabarau na kariya, da akwatin ajiya mai makulli, da kuɗin lasisi da na filin harbi. Bindiga mai tsada da ke zaune a akwati saboda mai ita ba shi da na harsashi ba ta koya wa kowa harbi.

Me ya sa ake ta nanata maganar harsashi? Ba duk .22 LR ba ne?

A nan ne mafi yawan saitin yake, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin asara. Harsashin .22 LR ya kasu ta fuskar gudu. Mai matsakaicin gudu yana jefa dalma mai giram 2.6 da gudun kusan mita 325 zuwa 330 a daƙiƙa, wato ƙasa da gudun sauti, wanda yake kusan mita 343 a daƙiƙa a yanayi mai matsakaicin zafi. Mai babban gudu yana fita da kusan mita 370 zuwa 390, ya zarce sauti, amma kafin ya yi nisa sai iska ta rage masa gudu ya dawo ƙasa da sautin, kuma a wannan tsakanin ne jan iska ya fi tsananta a kansa. Saboda haka kusan duk harsasan gasa masu matsakaicin gudu ne, kuma rubutun babban gudu a jikin kwali ba alamar saiti ba ne.

Bayan gudu sai daidaito. Harsashin da ake sayarwa a zube cikin babban kwali an yi shi ne domin araha, nauyin albarushinsa da na dalmarsa suna ɗan bambanta daga ɗaya zuwa ɗaya, kuma a kowane goma ba a rasa wanda zai fita daga cikin 'yan'uwansa. Masana'antu irin su Eley na Ingila, da Lapua, da SK, da RWS na Jamus, suna gwada abin da injinansu suka fitar su rarraba shi mataki-mataki, mafi daidaito shi ne mafi tsada. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya bukatar Eley Tenex ko Lapua Midas+ ko RWS R50, waɗanda na manyan gasanni ne. Matakin tsakiya, kamar CCI Standard Velocity da SK Standard Plus da Eley Club, shi ne inda kuɗi ya fi sayen saiti.

Abin da ya fi wuyar karɓa ga sabon mai harbi shi ne cewa kowane bututu yana da harsashin da yake so. Lokacin harbi bututu yana girgiza, kuma inda bakinsa yake a daidai lokacin da dalma ta fita shi ke yanke inda za ta sauka, saboda haka harsashin da ya yi kyau a bindigar abokinka yana iya watsewa a taka. Har a cikin suna ɗaya ma, zubin wannan wata yana iya bambanta da na wancan, shi ya sa ake buga lambar zubi a jikin kwali. Hanyar ita ce a sayi ƙaramin kwali ɗaya-ɗaya na iri huɗu ko biyar, a gwada su a ranar da babu iska, a rubuta sakamakon, sannan a sayi mai yawa daga zubin da ya yi nasara gwargwadon abin da doka da aljihu suka yarda. Dalmar .22 LR tana da maiƙo ko kaki a jikinta ta waje, kuma kowane kamfani da irin nasa, saboda haka idan an canza iri sai a yi harbi goma zuwa ashirin tukuna domin sabon maiƙon ya shafe cikin bututun kafin a fara aunawa.

Dogon bututu ko mai kauri ya fi saiti?

Tsawo ba ya ƙara saiti. Albarushin .22 LR kaɗan ne, yana gama aikinsa a cikin kusan santimita 40 zuwa 46 na bututu, abin da ya wuce haka ba ya ƙara gudu. Bindigogin gasa suna da dogon bututu ne domin a nisanta saitin ƙarfe na gaba da na baya, abin da ke rage kuskuren ido, wanda kuma zai ɗora madubi ba ya bukatar wannan.

Kauri yana da amfani, amma amfaninsa na nauyi ne: bindiga mai nauyi a gaba tana zama daram a kan madogari kuma ba ta bin bugun zuciyar mai riƙe da ita. Wanda zai riƙa yawo da ita a kafaɗa zai gaji da nauyin. Abubuwan da suka fi kauri muhimmanci su ne yadda aka yanka mazaunin harsashi, da santsin cikin bututun, da bakinsa, domin idan bakin yana da ɗan rauni a gefe guda iskar wutar za ta tsere ta nan ta ture gindin dalmar. Kusan duk bututun .22 LR suna da tsaga mai murɗawa sau ɗaya a kowane inci 16, saboda haka wannan ba abin zaɓe ba ne. Bindigar da aka yi wa matsattsen mazauni na gasa kuma kada a ɗura mata harsashi mai dogon kwanso irin CCI Stinger.

Wane irin muhimmanci kunama take da shi?

Dalmar .22 LR tana da jinkirin fita daga bututu idan aka kwatanta da ta manyan bindigogi, saboda haka duk motsin da yatsa ya jawo yana bayyana a takarda. Kunamar da ke bukatar jan fiye da kilo 2, a bindigar da nauyinta bai wuce kilo 3 ba, tana sa mutum ya ja bindigar gaba ɗaya daga kan saiti. Kusan kilo 1 zuwa 1.3 ya dace da yawancin masu wasa. Tsabtar sakinta ta fi sauƙinta muhimmanci: a ja ta tsaya, a ƙara kaɗan ta saki, ba tare da jan ƙafa ko ƙaiƙayi a tsakani ba.

A zaɓi bindigar da kamfani ya yi wa kunama mai daidaituwa, a bi littafin da ya zo da ita. Goge ƙarfen kunama da hannu a gida yana iya sa bindiga ta tashi da kanta idan ta faɗi ko aka rufe sakata da ƙarfi, wannan kuma aikin ƙwararren mai gyaran bindiga ne.

Wane madubin saiti ya dace, kuma dole ne ya zama mai tsada?

Ba dole ba ne, domin .22 LR ba ta da dukan da zai wargaza madubi. Amma akwai abu guda da bai kamata a yi sakaci da shi ba. Idan aka kafa bindiga a kan madogari, mutum ya ɗan motsa kansa hagu da dama ba tare da ya taɓa ta ba, wani lokaci zai ga gicciyen da ke cikin madubin yana yawo a kan abin da aka auna. Wannan yana faruwa ne idan nisan da aka daidaita madubin a kansa ya saɓa da nisan da ake harbi. Madubin manyan bindigogi galibi an daidaita shi a yadi 100 ko fiye, saboda haka a mita 25 ko 50 yana iya jawo kuskuren da ya kai girman duk taron hujin da ake ƙoƙarin samu. Madubin ƙananan bindigogi ana daidaita shi a yadi 50, wanda ya fi kuwa shi ne mai maɓallin gyara wannan nisa a gefe ko a gaba, wanda ke saukowa har mita 10 ko 15.

Ƙarfin kusantarwa na ninki 3 zuwa 9 ya isa ga harbin yau da kullum, na ninki 4 zuwa 16 kuma ya fi daɗi ga mai son ganin hujinsa a mita 50. A lura da zobban ɗaurewa: bindigogin Turai galibi suna da layin ɗora madubi mai faɗin milimita 11, na Amurka kuma kashi uku cikin takwas na inci, kuma zoben da bai dace da layin ba yana zamewa a hankali har mutum ya zargi bindigar da laifin da ba nata ba.

Sayen ta hannu dabara ce ko kasada?

A wannan aji dabara ce mai kyau, domin dalma mai laushi da matsi kaɗan ba sa cinye bututu da wuri, kuma bututun .22 LR yana ɗaukar dubun-dubatar harbi. Tsofaffi irin su Brno Model 2 da CZ 452, da Anschütz masu sakata samfurin 64, da bindigogin kulob irin BSA Martini na Ingila, sukan fi sababbi masu farashi ɗaya da su saiti.

Bayan an tabbatar babu harsashi a ciki, a cire sakata a duba cikin bututun ta fuskar haske. Wani baƙin zobe a tsakiyar bututu, ko kumburin da yatsa ke ji ta waje, alama ce ta an taɓa harbi alhali wata dalma ta maƙale a ciki. A duba gefen mazaunin harsashi inda allura ke sauka: idan an riƙa jan kunama babu harsashi, a tsofaffin bindigogi da yawa allurar tana dukan ƙarfen ta lotsa shi, daga nan kwanso ya riƙa maƙalewa. A duba bakin bututu da gilashin ƙara girma, a duba ƙugiyar da ke fitar da kwanso, da tsagewar katako a bayan sakata, a kuma gwada makullin kariya. Idan mai sayarwa ya yarda a gwada ta a filin harbi, wannan ya fi duk dubawa. Bindigar da lambarta ta goge ko takardunta ba su cika ba, kada a kusance ta komai araharta.

Ƙotar katako ko ta roba?

Kowacce tana yi, muddin ba ta lanƙwasa ta taɓa bututu ba. A zura takarda tsakanin bututu da ƙota a ja ta baya, idan ta maƙale a wani wuri to akwai matsi a nan. Notocin da ke ɗaure ƙarfen bindigar da ƙota su kasance a ɗaure daidai yadda kamfani ya faɗa, domin sassauta su ko tsananta su yana canza taron huji. Idan aka ɗora madubi kuma kunci bai samu wurin zama ba, a ƙara tudu a kan ƙotar.

Sau nawa ake tsaftace bututu?

Ƙasa da yadda mutane da yawa suke zato. Maiƙon dalma yana shafe cikin bututun, kuma bindiga takan fi saiti bayan ta ɗan yi harbi fiye da lokacin da aka gama wanke ta. Abin da ke ɓata saiti shi ne wani zoben baƙin toka da dalma da ke taruwa a gaban mazaunin harsashi, kuma alamarsa ita ce harbin farko ya riƙa kaucewa ko sakata ta fara tauri wajen rufewa. A tsaftace daga baya ta inda sakata take, da sanda guda marar haɗi da abin da ke riƙe ta a tsakiya, domin sandar da ke gogar bakin bututu ta lalata bindigogi fiye da yadda harbi ya lalata su. A wuri mai laima a shafa ɗan mai kafin ajiya, a goge shi kafin harbi.

Har zuwa wane nisa zan iya dogara da ita, kuma me iska ke yi?

Idan aka daidaita saiti a mita 50, dalma mai matsakaicin gudu tana faɗuwa kusan santimita 20 a mita 100, daga nan kuma faɗuwar tana ƙaruwa da sauri. Faɗuwa abu ne da ake lissafawa a gyara a madubi. Iska ce matsalar, domin iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana ture dalmar santimita 10 ko fiye a mita 100. Abin mamaki shi ne harsashi mai babban gudu ya fi mai matsakaicin gudu bin iska, saboda yana zubar da gudunsa da sauri, turin iska kuma yana bin yawan gudun da aka rasa a hanya ne. Tsummoki biyu ko uku da aka ɗaura a sanduna tsakanin mai harbi da takarda suna koyar da karatun iska, kuma kusan kyauta ne.

Me ya kamata in sani game da doka da kariya kafin in saya?

Dokar mallakar bindiga ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu suna neman lasisi da shaidar zama ɗan kulob da akwatin ƙarfe na ajiya, wasu suna iyakance yawan harsashin da za a riƙe, wasu kuma sun hana mallakar irin wannan bindiga ga farar hula. A fara da hukumar da ke ba da izini kafin a je wurin mai sayarwa mai rajista.

Ƙanƙantar harsashin tana ruɗin mutane. Yana kisa, kuma kwalayensa suna ɗauke da gargaɗin cewa yana da haɗari har zuwa mil ɗaya da rabi, wato kusan kilomita 2.4. Dalmarsa tana tsalle idan ta daki dutse ko ruwa ko ƙasa mai tauri, saboda haka ba a harbi sai da tudun ƙasa a bayan takarda. A ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, bakinta kada ya kalli abin da ba a nufin harbi, yatsa kuma ya nisanci kunama sai an gama auna. Idan aka ja kunama bai tashi ba, a bar bakin yana kallon tudu na daƙiƙa 30 kafin a buɗe sakata, idan kuma ƙarar ta fito da rauni a tsaya a duba cikin bututu. A toshe kunne, a sa tabarau, a wanke hannu bayan taɓa dalma, a ajiye bindiga da harsashi a kulle a wurare daban inda yara ba za su kai ba.

Ta yaya zan gane ko bindigar ce ba ta da saiti ko ni ne?

Yanayin hujin yana ba da labari. Idan ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, a zargi bambancin gudun harsashi ko yadda kafaɗa ke danna ƙota. Idan ya miƙe daga hagu zuwa dama, a zargi iska ko jan kunama. Idan taron yana da kyau amma yana ƙaura daga wuri zuwa wuri, a duba zobban madubi da notocin ƙota da wurin da kunci ke zama. Bayan an duba waɗannan, a miƙa bindigar ga wani gogaggen mai harbi a kulob ya gwada ta da harsashi iri biyu ko uku masu kyau a kan madogari. Idan shi ma ya kasa tara harbi biyar ƙasa da milimita 25 a mita 50 a rana marar iska, to lokaci ya yi da za a kai ta wurin mai gyara ya duba bakin bututu da mazaunin harsashi, ko a mayar da ita ga mai sayarwa idan garantinta bai ƙare ba.